Merle Tranter da Zawarcin Likita

A Wongalin, in kana son sanin wa ya nemi wa, da yadda aka yi har magana ta kai coci, kada ka wahalar da fasto. Ka nufi gidan Merle Tranter, na ƙarshe kafin rumbunan alkama, ka zauna ta zuba maka shayi. Tana 'yar budurwa aka ɗauke ta aiki a ɗakin haɗa tarho da ke bayan gidan waya, zamanin da ba ka isa ka kira kowa ba sai ta hannun yarinyar da ke zaune gaban allo, ta soka wannan igiya ta zare waccan. Doka ta ce in ta haɗa mutum biyu ta janye kunnenta. Merle ta rantse tana janyewa, hannunta ne dai ba shi da sauri.

Ta haka ta saurari soyayyar gundumar nan kaf, kuma ba ta fito da wani ra'ayin kirki a kan mazanmu ba. Saurayi zai yi wanka ya taje kai, ya kira budurwa, sannan ya cinye lokacin yana ba ta labarin ruwan da aka yi a gonarsu da farashin gashin tumaki. In yarinya ta ji ya ce, "Ranar Asabar akwai rawa a zauren gari, ni dai zan je," to ta fara neman mai ɗinka rigar amarya, don iyakar abin da bakinsa zai iya ke nan.

Athol Tranter bai fi su baki ba, wayo ya fi su. Kira yake ya ce a haɗa shi da gidan da ya san sarai babu kowa. Tarho ya yi ta ƙara a can, shi kuwa yana nan maƙale a layi.

"Ba sa nan," in ji Merle.

"Ƙara gwadawa dai. Tsohuwar ba ta ji sosai."

"Athol, jiya suka hau jirgin ƙasa. Kai ka ɗaukar musu akwati."

"Au, haka ne fa. To ke ya aiki?"

Haka ya yi ta yi har ta aure shi. Suka yi noman alkama da kiwon tumaki, suka sha fari suka sha shekarun albarka, suka haifi 'ya ɗaya, Coralie, wadda ta yi karatu ta tafi birnin Perth ta zauna. Da aka kawo na'ura mai haɗa kira da kanta aka rufe ɗakin tarho, Merle ba ta yi zaman makoki ba. Sai ta karɓi 'yar jaridar gari mai fitowa duk mako, ita ce mai rubutawa, ita ce mai bugawa, ita ce mai ninkewa ta kai kanti. Wanda ya saba sanin komai ba ya iya zama bai sani ba.

A wurin wannan aiki ta ƙulla ƙawance da wata 'yar kalmar Ingilishi, woo, wadda ake furtawa wu, kamar mutum zai hura wuta. Ma'anarta neman mace da lallashi da naci, a bi ta a hankali har ta yarda. Kalmar ta tsufa a bakin mutane. Duk namijin da ya shiga mashayar Wongalin ya ce zai je ya woo wata, to ya samo sunan da za a kira shi da shi har kabari. Amma 'yan jarida ba su sake ta ba, don gajera ce, tana shiga kanun labari ba tare da ta ture kowa ba. Ɗan siyasa na zawarcin masu ƙuri'a, banki na zawarcin manoma, duk ita ake sawa. Merle ta taɓa buɗe ƙaton ƙamus ɗin da ta ceto ranar da aka rufe makarantar sakandare, ta tarar kalmar ta haura shekara dubu, kuma babu wanda ya tabbatar daga ina ta fito. Wasu masana dai na zaton 'yar'uwar wata tsohuwar kalma ce mai nufin abin da ya lanƙwasa. Wannan zato ya ba ta da Athol abin gardama na shekaru.

"Ai a fili yake," in ji Athol. "Ka lanƙwaso ta ta dawo wajenka, kamar yadda na yi miki."

"Kai ɗin? Mai kiran gidajen da babu kowa? Mai nema shi ke lanƙwasa, tsoho."

"Ni ban taɓa sunkuya wa kowa ba sai tunkiya, ita ma don in yi mata aski."

"Shi ya sa na ce ba ka taɓa nemana ba. Gajiya na yi da kai."

Suna haka tsufa ya same su, kuma garin ya rasa likita. Tsohon likitanmu ya yi ritaya ya koma bakin teku. Aka samo wani saurayi mai ƙwazo, muka yi masa rubdugu: a kira shi yana cin abinci, a tare shi a kanti a buɗe masa baki ya duba, har kare an kai masa. Bai rufa shekara ba ya tattara ya gudu. Daga nan duk mai son ganin likita sai ya ba da yininsa ga hanya, zuwa da dawowa.

A daidai lokacin zuciyar Athol ta fara gardama. Coralie ta zo daga Perth, ta dube shi yana haki daga ƙofa zuwa mota, ta ajiye musu magana ba tare da kwana-kwana ba.

"Mama, in aka gama girbi babu likita a garin nan, kun dawo kusa da ni. Na ga gida."

Merle ma ta ga gidan. A bene yake, tagarsa na kallon bangon maƙwabta, kuma ba a yarda da kare ba. Mutumin da tun yana yaro bai taɓa fara yini ba tare da ya leƙa sama ya yi wa gajimare tsegumi ba, a sa shi a nan? Ta san zai mutu a wurin, kuma ba zuciya ce za ta kashe shi ba. Tsoro ya kama ta sosai, irin wanda ba ta taɓa ji ba ko a shekarar da wuta ta ci rabin gonarsu. Ba ta faɗa wa kowa ba, don a Wongalin ba a faɗin irin wannan.

Sai ga labari daga Lindsay Borthwick, shugaban ƙaramar hukuma, cewa wata likita 'yar asalin Sri Lanka, Dokta Nilmini, ta yarda ta zo ta gwada garin na 'yan makonni a farkon girbi. In ya yi mata, ta zauna. Merle ta buga kanun labari da manyan haruffa, ga 'yar kalmarta zaune a tsakiya: gari na zawarcin likita. Aka kira taro a zauren gari, aka cika maƙil, har waɗanda ba sa ga maciji da juna suka zauna benci ɗaya.

An yi maganar fenti, an yi maganar yanke ciyawa. Sannan Merle ta miƙe.

"Me ya kori wancan yaron?" ta tambaya. "Mu muka kore shi da ciwace-ciwacenmu. To wannan karon kowa ya riƙe nasa. In ba mutuwa kake ba, kada in ga ƙafarka a asibiti. A bar yarinya ta huta, ta ga garin nan ba wahala. In ta sa hannu a takardar aiki, sai ku fito da tarinku."

"In kuma mutuwar mutum yake fa?" wani ya tambaya daga baya.

"Ya yi ta a hankali, bayan girbi."

Aka yi dariya, aka tafa, aka amince. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. Kuma gaskiya ba ta nemi wani abu mai wuya a wurinmu ba, don ɓoye ciwo shi ne sana'ar mutanen Wongalin ta biyu bayan noma.

Dokta Nilmini ta iso, siririya, mai tabarau, mai magana a hankali. Tana kiran manyan mata Anti, manyan maza Kawu, abin da ya sa tsofaffinmu suka narke. Ba ta gama sauke akwati ba aka fara kawo gara. Wannan ya kawo rabin rago a yanke, wancan ya kawo ɗaya rabin, wani ya ga kada a fi shi ya kawo nasa. Kek kuwa har sai da ta rasa wurin ajiye kofi. An wanke mata mota ba ta roƙa ba, an yanke ciyawar gidan har ƙasa ta fito. A titi maza na cire hula.

"Ya jiki, Kawu?" in ji ta.

"Garau, Likita! Ban taɓa jin daɗin jikina irin na bana ba."

Mai faɗin haka kuwa hannunsa ɗaya na bayansa, naɗe da tsumma. Lindsay da kansa injin girbi ya tsage masa tafi, matarsa ta ɗaure masa da salatif, ya koma aiki. Wata mai jego ta bi hanyar bayan gari da ɗanta mai ciwon kunne ta tafi wani gari, don kada motarta ta wuce ta gaban asibiti. Merle na zagayawa da jakar jaridu tana sa ido. In ta ga tsoho ya doshi ƙofar yana ɗingishi, sai ta yi gyaran murya, nan take ya tuna kanti ya nufa. Ita kuwa likita tana ciki tana gyara zaman kujeru, tana leƙa taga.

Da makonnin suka kusa cika, Merle ta sa rigarta ta zuwa coci, ta ɗauki kek, ta ce Athol ya kai ta asibiti za ta ɗauko labarin mako. Har ta tsara kanun a ranta. Athol ya tsaya da a-kori-kura a inuwar bishiya, shi da karensu, ya ce ta yi sauri rana na yi.

Tana shiga ta ga kwalaye a ƙasa, rabinsu cike da littattafai.

"Anti, zauna," in ji likita. "Dama ina son ke ki fara ji. Ban taɓa ganin mutanen kirki irinku ba. Amma ba zan zauna ba."

"Gidan ne? Fentin ne bai yi miki ba? Lindsay ya ce za a sauya miki mota."

"Ba gida ba ne, ba mota ba ce. Akwai wani garin masu haƙar ma'adinai a arewa, sun ce kafin a buɗe ƙofa mutane sun yi layi. Anti, mahaifiyata na can gida ita kaɗai, ta tsufa. Ban baro ta don in zo in zauna ina cin kek ba. Garinku lafiyarsa ƙalau. Ba ku buƙata ta."

Merle ta dubi farantin kek ɗin da ke hannunta. Garin neman ƙiba an samo rama, kuma ita ce ta ja gaba. Ta taga tana hango gwiwar hannun Athol a kan ƙofar mota. Ta san abin da ya rage, ta kuma san haɗarinsa. In ta shigo da shi aka duba, wataƙila likitar nan ce da bakinta za ta ce a kai shi Perth yau, ba sai bayan girbi ba. In ta yi shiru, ta ci 'yan makonni, sannan a kai shi. Ta ajiye kek a kan kwali ta fita.

"Sauko," ta ce.

"Me ya faru? Ta ƙi kek ɗin?"

"Sauko na ce. Ranar wanka ba a ɓoye cibi."

"Ke ce fa kika kafa dokar."

"Ni na kafa, ni na rushe. Sauko kafin in sauko da kai."

Daga mota zuwa ƙofa ba nisa, amma sai da ya tsaya a hanya wai yana duba wata ciyawa. A ciki ya cire hula ya zauna a bakin gado kamar wanda ya zo gaisuwa.

"Ya jiki, Kawu?"

"Garau, Likita."

Merle ta matso kusa da shi. Ta dafa gado ta durƙusa a kan gwiwoyinta masu ƙara, ta kwance masa igiyar takalmi, don ya daɗe da daina kaiwa can da kansa. Ta zare takalmin da ƙyar, ta naɗe wando. Ƙafar ta kumbura sumul har ba a ganin idon sawu. Likita ta danna da yatsa, ta ɗaga, ramin ya zauna bai koma ba. Fuskarta ta sauya. Ta ɗauko abin sauraron ƙirji ta daɗe tana saurare, gaba da baya.

"A kwance kake barci ko a zaune?"

"A kujera yake yi kwanan nan," in ji Merle. "Wasa yake saurara a rediyo, sai barci ya ɗauke shi."

"Kawu, kai nake tambaya. Tun yaushe ba ka iya kwanciya?"

Athol ya juya hularsa a hannu. "Tun lokacin haihuwar tumaki."

Merle ta ɗago kai. Haihuwar tumaki da sanyi ake yi, yanzu kuwa ga alkama ta bushe ana girbi. Watanni ke nan tana kwana, bango ɗaya kawai tsakaninta da mutumin da numfashi ke gagara, tana yi masa faɗan ɓata batir.

"Athol! Me ya hana ka faɗa min?"

"In na faɗa miki, Coralie za ta ji a muryarki, ke ba ki iya ƙarya a tarho ba. Su kwashe ki su kai bene inda ba ki san kowa ba, ba ki da wanda za ki yi gulmarsa. Ni ko'ina aka ajiye ni zan zauna, kujera kujera ce. Ke ce ba za ki kai labari ba."

Duk tsawon lokacin nan ita a zatonta shi take karewa. Ta juya wajen likita, har yanzu tana ƙasa, takalminsa a hannunta.

"Tsoro nake ji, 'yata," ta ce. "In kika tafi, sun raba mu da gidanmu. Kuma ba shi kaɗai ba ne. Hannun Lindsay ya fara wari. Matar mai kanti ta ji ƙullutu a ƙirji tun kafin ki zo. Direban motar makaranta ba ya gani da idon hagu. Rabin garin nan a tsaye kawai yake. Ni na hana su zuwa. Mun kori na gabanki da naci, na ce kada mu kore ki."

Likita ta cire tabarau ta ajiye a hankali. Muryar nan mai laushi da muka sani ba ita ta fito ba.

"Direban motar makaranta? Mai ɗaukar yara? Ku mahaukata ne? Ina zaune a nan ina ƙirga ƙudaje, har na fara zaton ba ku yarda da ni ba ne saboda baƙuwa ce ni, ashe kuna can kuna ruɓewa a ɓoye don ku burge ni!" Ta juya kan Athol. "Kai kuma, tsohon jaki mai taurin kai, ruwa ne ya taru maka a huhu. Saura kaɗan ka burge ni da gawarka."

"To, Likita, ai ban so in dame ki ba ne."

"Rufe min baki. Buɗe, in ga harshe."

Ta yi masa allura, ta sauya masa magunguna, ta hana shi gishiri da tuƙi. Ta ce za a iya riƙe shi a gida ba sai an kai shi birni ba, muddin akwai mai duba shi a kai a kai. Merle ta buɗe baki za ta tambayi wa zai duba, likita ta riga ta.

"Gobe da safe ki kawo min shi. Direban nan kuma yau nake son ganinsa, kafin a tashi daga makaranta. Sannan ki gaya wa mutanenki duk wanda ya ƙara kawo min rago sai na yi masa allura da babban sirinji. Ni ko nama ba na ci!"

A waje Merle ta karɓi makulli ta zauna a wurin direba, shi ya zagaya ɗaya gefen yana gunaguni, kare ya matsa masa. Ta sa makulli ba ta murɗa ba.

"Kin ji abin da ta kira ni?" in ji Athol.

"Na ji. Ta ma rage maka."

"Ba shi nake nufi ba. Duk makonnin nan Kawu kaza, sannu Kawu. Yau jaki. Baƙon da zai tafi ba ya zagin masu gida, tsohuwa. Wannan ta zauna."

Merle ta so ta ce masa shi me ya sani. Sai ta kifa kai a kan sitiyari ta fashe da kukan da ta daɗe tana haɗiyewa, a babban titin Wongalin, da rana tsaka, manyan motocin alkama na wucewa direbobi na leƙowa, ba ta damu da wanda ya gani ba. Athol ya rasa yadda zai yi da hannunsa. Ya ɗora shi a bayanta, yana bubbugawa a hankali.

"To, ya isa haka," ya ce. "Mutane za su ɗauka na mutu."